Kafin Famfara

Ni ce ta fari a ɗakin Inna, don haka tun ban cika shekara goma ba aka ɗaura mini goyo. Inna ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, amma ba ta jin kunyar miƙo mini jariri in za ta shiga daka. Wannan a Kuryar Madaro ne, cikin ƙasar Ƙauran Namoda, a farkon shekarun 1980, lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, don Zamfara ba ta zama jiha ba sai a 1996. Duk ƙannen da suka biyo ni a gadon bayana suka yi wayo. A kafaɗata suka zubar da yawu, yatsana kuma shi ya fara ɗanɗana kaifin haƙorin kowannensu.

In Inna tana da ciki, bakin rariya ne ke fara tona mata asiri. Da asuba za ta tsuguna da buta, ta tauna kan aswakin dogon yaro har ya yi laushi, ta goga, ta tofar, sai a ga yawun ya fito da ja. Gwaggo, yayar Baba, wadda ba abin da ke wuce idonta a gidan, sai ta ce, "Ke bar gugar nan hakanan. Ɗan cikin na ka jan ƙarfin haurunki." Daga ranar Inna ta ajiye aswaki ke nan, sai kurkurar alwala, har ta sauka. Matan unguwarmu sun ɗauka cewa kowace haihuwa tana tafiya da haƙori ɗaya, kuma suna da hujja a bakunansu: mace mai 'ya'ya takwas da wuya ka same ta da cikakkun matauna.

Jinin gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Ɗan tayi ba ya ɗibar komai daga haƙoran uwa. Abin da yake gina ƙashinsa da shi daga cimarta yake samu, in cimar ta gaza jiki ya ranto daga ƙasusuwanta. Abin da ke zubar da jini dasashi ne, wanda sauyin da ciki ke kawowa a jikin mace ke sa ya kumbura, ya kasa jure dattin da a da yake jurewa. Maganinsa a ƙara tsabtace baki a hankali, mu kuwa sai muka ce a daina. Ga aman laulayi da tsaminsa ke cin bayan haƙori, ga kwaɗayin tsamiya da ɗanyen mangwaro da mazarƙwaila. Wata tara ana haka, shekara biyu a sake, ina haƙori zai tsaya?

Amma Gwaggo ta taɓo wani abu ba ta sani ba. Haƙoran yaro a ciki ake fara gina su. Tun wajen mako na shida, kafin mace ta tabbatar wa kanta ta yi ɓatan wata, tushensu ya fara haɗuwa. Wajen wata na huɗu suke soma tauri. Ranar da ungozoma ta yanke cibi, haƙoran farko guda 20 suna kwance a ƙarƙashin dasashi, wasu an kusa gama su, wasu ana kan aiki. A daidai wannan lokacin ne kuma amarya ke ɓoye cikinta da zane biyu, ba ta faɗa wa kowa, balle a yi zancen zuwa awo Ƙaura. Abin da ya ceci yawancinmu, a ganina, shi ne ƙwaryar nonon da 'yan Fulani ke shigowa da ita kullum hantsi, da miyar kuka, da kwaɗon zogale. Ba wanda ya ci su don haƙori, amma dukkansu suna ɗauke da sinadarin da ƙashi da haƙori ke bukata. Ƙwai kuwa an hana mai ciki, su Baba ke cinyewa wurin mai shayi.

Bayan haihuwa akan matse dakashi a zubar, a ce bai da kyau, a ba jariri ruwa da rubutu har nono ya yi fari. Yanzu ma'aikatan lafiya suna roƙon a ba shi wannan dakashin, a kuma bar shi kan nono zalla har wata shida. Cikin makon farko wanzami ke zuwa da zabirarsa. A kwantar da jariri a cinyar wata tsohuwa, ya danne harshen da ɗan itace, ya leƙa, ya cire beli, a goge jinin da tsumma. Na sha tsayawa riƙe da ƙwaryar ruwa ina kallo. In na waiwaya yanzu, wannan ne kaɗai lokacin da wani babba ke buɗe bakin yaro ya duba cikinsa da gangan. Daga nan baki ya zama wurin zuba abinci, ana goge wajensa da gefen zane, ba a leƙa cikinsa.

Sai wata na shida ko na bakwai, yaro ya fara dalala, ya kama duk abin da ya samu ya kai baki: murfin kwano, igiyar guga, gefen tabarma, kitson mai goyo. Wata rana sai ka ji ƙas a jikin cokali, ka sa yatsa, ga 'yan farare biyu a ƙasa sun huda. Akan yi murna, Kaka ta ɗaura masa laya a wuya. Daga ranar kuma haƙori ya shiga uku, don duk ciwon da zai sami yaron har ya kai shekara biyu, shi za a ɗora wa. Zawo, haƙori ne. Jiki ya yi zafi rau, haƙori ne. Amai, ƙin nono, ƙuraje, har maɗiga ta faɗa idanu su zurma, tsofaffi za su taɓa goshi su ce, "Haure na, ba komi. In ya huda shi ke nan."

Na daɗe ina juya wannan magana, don ban san wata kalma da ta jinkirta kai yara asibiti a garinmu kamarta ba. Fitar haƙori tana sa ƙaiƙayin dasashi, da yawu, da rigima, wani lokaci jiki ya ɗan yi ɗumi. Ba ta sa zawo mai tsiyaya, ba ta sa zazzaɓin da ke kai yaro ga taune-taune. Abin da ke faruwa shi ne abubuwa da yawa sun haɗu a wata ɗaya. Kariyar da jariri ya fito da ita daga jikin uwa tana raguwa wajen wata shida. A lokacin ne yake fara rarrafe a tsakar gidan da kaji da awaki ke yawo. A lokacin ne ake fara ɗura masa koko da ruwan randa. In damina ce ga sauro. Haƙori dai shi ne baƙon da ake gani da ido, sai aka kama shi. Maɗigar da ta faɗa kuwa ƙarancin ruwa ne a jiki, mu kuma sai mu kwaɓa magani mu shafa a kanta. Sai daga baya, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985, muka fara jin rediyon Kaduna na koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari.

Kafin nan maganin zawon haƙori a wurinmu shi ne kafso ja da rawaya. Masu tallar magani na yawo da shi a faranti ranar kasuwa, rana na dukansa, ana saye ƙwaya biyu ko uku. Ina ganin Inna tana murɗe kafson, ta zazzage garin rawayan a cokalin koko, ta toshe wa ƙanena hanci ya haɗiye. Duk haƙorin da zai fito sai an yi masa haka. Sunan maganin tetracycline, kuma likitoci ba sa ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara takwas ba, saboda yana shiga cikin haƙorin da ake kan ginawa ya zauna. Da ƙanen nan nawa ya yi famfara, manyan haƙoransa suka fito da wani ratsi ruwan toka-toka a tsakiya. An zarge shi da satar goron Kaka. An goge da gawayi da gishiri har dasashi ya yi jini, ratsin bai motsa ba, don a cikin haƙorin yake. Yau yana da jikoki, kuma har yanzu in za a ɗauki hoto rufe baki yake yi.

Wannan imani ba na ƙauye ba ne kaɗai, har kasuwa gare shi a birane. A ƙarshen 2008 wani ruwan magani mai suna My Pikin, wanda aka yi a Legas ana sayarwa don sauƙaƙa wa jarirai fitar haƙori, ya gurɓata da wani sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. Yara aka riƙa kaiwa asibitoci, har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, fitsari ya ɗauke musu. Aƙalla 84 suka rasu. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin da ya yi maganin, a 2013 kuma kotu a Legas ta yanke wa ma'aikatansa biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Uwayen nan ba sakaci suka yi ba, kuɗi suka cire suka sayi magani don abin da tsumma mai tsabta da ruwan sanyi da ɗan shafa dasashi da yatsa zai wadatar.

Yaye a gidan Kaka ake yin sa. A shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi can, ya yi kukan dare biyu ko uku, Kaka kuma ta sayi zuciyarsa da zaƙi. Tana da wani gwangwani a ƙarƙashin gadon kara, cike da sukari mai ƙwaya da gutsattsarin mazarƙwaila. In yaro ya farka cikin dare ta jefa masa ɗaya a kunci, ya koma barci yana tsotsa. Nama da gyaɗa ita ke taunawa ta sa masa a baki, kunu kuma sai ta kurɓa a ludayi ta ji zafinsa kafin ta ba shi. Ƙauna ce tsantsa, ba na ce ba. Sai dai ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori ta yawu suke ƙaura daga bakin babba zuwa na yaro, abincinsu kuwa sukari, kuma da dare yawun da ke wanke baki raguwa yake yi. Aswaki a garinmu na mai salla ne. Yaro ba ya samun nasa sai ya isa bin Baba masallaci, wajen shekara bakwai, alhali haƙoransa 20 sun gama fitowa tun yana shekara biyu da rabi zuwa uku.

Ruɓar takan fara ne da wani farin layi marar sheƙi a haƙoran gaba na sama, daf da dasashi, wurin da leɓe ke rufewa. A wannan mataki ana iya tsayar da ita. In ba a ɗaga leɓen ba, layin ya koma ruwan ƙasa, ya yi baƙi, haƙorin ya gutsure ya bar kututture. Sai a ce tsutsa ta ci, a sa kanumfari, a rufe zancen da cewa, "Ai za su zube." Gaskiya ne za su zube, amma yaushe? Na gaba ne ke fita a shekara shida ko bakwai. Matauna na can ciki suna aiki har yaro ya kai goma zuwa sha biyu. Da su yake tauna tuwo, da na gaban yake koyon furta magana, kuma su ne turakun da ke riƙe wa manyan haƙora filinsu: in aka tuge ɗaya kafin lokaci, maƙwabtansa su matso, mai wurin ya zo ya fito a karkace. In kuma gindin ya yi ruwa, mugunyar na iya taɓa babban da ke kwance a ƙarƙashi. Yaron da haƙori ke yi wa zogi ba ya cewa haƙori ne, ture kwano kawai yake yi, a ce ya cika tsirfa.

A yi wa zamaninmu adalci, zaƙi bai yawaita ba. Rake da mazarƙwaila na kaka ne, alewa sai ranar kasuwa ko salla, don haka da yawanmu mun tsira ba da dabararmu ba. Jikokina ne ke cikin ruwan zaƙi: biskit a kowane shago, lemon roba, ƙanƙara mai launi a leda, ga shayi mai sukari da ake zubawa a fida a ba jariri ya kwana da shi a baki. Baƙaƙen haƙoran da nake gani a bakin 'yan shekara uku yanzu sun fi na da yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, duk da haka, ya wuce ruɓar haƙori. A 1984, shekarar fari, hatsi ya yi wuya, ƙyanda kuma ta ratsa unguwarmu. Akwai wata yarinya a gidan da ke jikin namu, ba ta daɗe da yaye ba, da ma ga ta ƙashi da rai. Al'adar ƙyanda a lokacin ita ce a kulle yaro a ɗaki, ba wanka, ba iska, ba a taɓa bakinsa. Ƙurajen suka baje, aka fara cewa ta haye. An aike ni kai musu kunu, ina ɗaga labule wani wari ya tare ni, irin wanda ban taɓa ji daga jikin mai rai ba. Tana kwance a kan tabarma, yawu na bin kuncinta, kuncin hagu ya kumbura yana ƙyalli. Uwarta ta ce mini, "'Yar nan, aje nan. Haurun ciki na ka fito mata." Da na koma bayan 'yan kwanaki, wani baƙin tabo ya bayyana a tsakiyar kumburin. Daga nan aka daina barin yara shiga. Aka ce iska ce, aka yi turare, aka sha rubutu. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu kuncin ya huje har ana ganin haƙora ta waje, Allah kuma ya karɓi abarsa.

Sai da na girma na san ciwon yana da suna a asibiti. Shi ne zaizayar baki, wanda likitoci ke kira noma. Ya fi kama 'yan shekara biyu zuwa shida, wato daga yaye zuwa famfara, musamman wanda tamowa ta raunana sannan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya, bakin kuma ba a tsabtace shi. Ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa tashi, wanda ya tashi kuma ya rayu da fuskar da yake ɓoyewa a mayafi ko rawani. Abin da ke ci mini rai shi ne farkonsa: dasashi ya yi ja, yana jini in an taɓa, baki na wari. A wannan gaɓa maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki sun isa su tare shi, a ƙaramin asibiti ma. Kwanaki kaɗan ne tsakanin wannan da hujewar kunci, kuma ba mai ganin farkon sai wanda ya ɗaga leɓe.

A 1999 aka buɗe asibiti na musamman don wannan ciwo a Sakkwato, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da shi, ana gyaran fuska kyauta. A Disambar 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Duk wannan ci gaba ne. Amma ƙasar da ciwon ke tsirowa a kai tana nan. Gwajin da MSF da ma'aikatar lafiya suka yi a Shinkafi da Zurmi a 2024 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. 'Yan bindiga sun hana noma a gonaki da yawa, sun sa uwa tana lissafin hanya kafin ta ɗauki yaro zuwa rigakafin ƙyanda na wata tara. Yanayin 1984 ne ya dawo, wannan karon ba don rashin ruwan sama ba.

Shi ya sa 'ya'yana suke ce mini na cika bincike. Duk jikan da aka miƙo mini, kafin in yi masa wasa sai na kwantar da kansa a cinyata na ɗaga leɓen sama. Tun haƙorin farko nake sa a goge da tsumma mai tsabta, in sun ƙaru a koma ƙaramin buroshi da man goge baki mai fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa kafin shekara uku, gwargwadon ƙwayar wake bayan nan, safe da kuma kafin barci. Babba ne zai goge masa, don hannun yaro bai iya ba sai wajen shekara bakwai. Inda babu buroshi, aswaki mai laushi ya yi. Surukata ta taɓa ce mini, "Inna, ai ko mu ba a yi mana haka ba." Na ce ta buɗe bakinta ta ƙirga matauna.

Famfara ita ce ƙarshen wannan zango, kuma ita kaɗai ce muka ɗauka da wasa da dariya. Haƙori ya fara girgiɗi, yaro ya wuni yana tura shi da harshe. In ya ƙi faɗuwa wani babba ya ɗaura masa zare, ya ce duba can, ya fizge. A kurkure da ruwan gishiri, a dunƙule haƙorin a hannu, a jefa shi bisa rufin soro, a kuma rufe baki gam kada ƙadangare ya ga giɓin, don in ya gani wai sabo ba zai fito ba. Mun sha gudu daga jangwalagwada da hannu a baki. Makonni ana tsokanar mai wawulo, yana magana iska na fita.

Ana cikin wannan hidima ta gaba, wani abu ke faruwa a can ƙurya ba wanda ya lura. A shekara shida babban matauni na farko yake fitowa a bayan na yarinta, sama da ƙasa, hagu da dama, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Saboda ba a ga an yi famfararsa ba, kowa ɗauka yake cikin na zubewa ne. Autarmu nata ya yi rami tana 'yar shekara tara, ta kwana uku tana kuka da kunci a kumbure. Likitan haƙori a lokacin sai an dangana da Gusau ko Sakkwato, kuɗin mota kuma ya fi ƙarfin abin da ake ganin zai zube da kansa. Ranar kasuwa Baba ya kai ta wurin wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa kayansa a gindin bishiya, ya sa filaya ya tuge, ya cusa auduga, ya ce wa Baba kada ya damu, wani zai maye. Aka jefa shi bisa soro kamar sauran. Ta shekara tana taɓa wurin da harshe tana jira, na kusa da shi ya kwanto cikin giɓin, kuma tun daga lokacin da ɓangare ɗaya take tauna.